Wane keken burji ya dace da kwalta a hunturun Ingila?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Manchesta shekara biyu ke nan, kuma ina so in riƙa zuwa wurin aiki a kan keke daga watan Nuwamba har zuwa Maris, tafiyar kilomita 14 zuwa da kilomita 14 dawowa, duk a kan kwalta. Ranar Asabar kuma nakan so in fita wajen gari zuwa tuddan Peak District. An ba ni shawarar in nemi keken burji, wato irin wanda Turawa suka ƙera don hanyar tsakuwa, kuma yanzu guda uku ne a gabana. Na farko sabo ne, jikinsa alminiyam, giyarsa mai faranti biyu a gaba, birkinsa na faifai mai aiki da mai, yana da ramukan ɗaura madigadi, kuɗinsa fam 1,300. Na biyu na hannu ne, jikinsa kabon (wato zare mai ƙarfi marar nauyi da aka daskarar da danƙo), ya fi na farko rashin nauyi da kilo ɗaya da rabi, farantinsa ɗaya, birkinsa na mai, amma babu ramukan madigadi, an yi mini fam 1,400. Na uku sabo ne na ƙarfe, birkinsa na faifai mai waya, yana da ramukan madigadi, fam 1,100. Gaskiya zuciyata ta fi kwantawa da na kabon. Wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka ɗauki na farko, wato na alminiyam, kuma ina roƙonka ka yi haƙuri ka karanta dalilaina har ƙarshe, domin na san yadda keken kabon yake shiga rai idan mutum ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ji kamar ba kome.

Abin da ya kamata ka fara gyarawa shi ne hoton hunturu da kake ɗauke da shi a zuci. Mu da muka tashi a gida mun san hunturu da ƙura da bushewar iska, inda keke yakan yi wata uku ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Hunturun Manchesta damina ce mai sanyi. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 2 da 7 a yawancin ranaku, titi yakan kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe a ƙarshen Disamba, kuma ta faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma. A duk daren da ake tsoron ƙanƙara, motocin hukuma suna bin manyan tituna suna watsa gishiri, mai yawa daga cikinsa daga ma'adinar Winsford da ke Cheshire, kudu da inda kake. Wannan gishirin yakan narke ya gauraya da yashi da dattin titi, ya zama wani baƙin ruwa mai kauri, kuma shi ne tayoyinka za su riƙa ɗebowa suna fesawa a kan sarƙa, da boris, da birki, da takalmanka, da gadon bayanka, kilomita 28 a kullum. Idan ka yi lissafin kwana biyar a mako har tsawon wata biyar, za ka ga kusan kilomita 3,000 ke nan a cikin ruwan gishiri, ban da fitar ranar Asabar. Keken da ya dace da kai shi ne wanda aka shirya masa wannan wahala tun daga masana'anta.

Shi ya sa na ɗora maganar madigadi a kan kome. Ba ina nufin ɗan guntun roba da ake maƙalawa ƙarƙashin sirdi ba. Ina nufin cikakken madigadi wanda ya rufe tayar gaba da ta baya, aka ɗaure shi da kusoshi a ramukan da aka tanada a jikin keke, irin su SKS Bluemels ko na ƙarfe da kamfanin PDW yake yi. Na gaba ya fi muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, domin ruwan da tayar gaba take watsowa shi ne yake sauka kai tsaye a kan ƙafafunka, da kan faranti da sarƙa, da kuma boris ɗin da feda take juyawa a kansa. Idan madigadin gaba ya sauko ƙasa sosai, aka kuma ƙara masa ɗan leɓen roba a ƙarshe, ƙafafunka za su isa wurin aiki a bushe a ranakun da ba a ruwa amma titi yana jiƙe, kuma irin waɗannan ranakun su ne suka fi yawa. Mutumin da safarsa ta jiƙe da ruwa mai sanyin digiri uku ba ya daɗewa yana hawan keke. Bayan mako biyu zai koma jiran bas, keken kuma ya tsaya a bayan ƙofa.

Za a ce maka akwai madigadi da ake ɗaurawa da igiyar roba a kan keken da ba shi da ramuka, kuma gaskiya ne akwai. Na ɗaura su a kan kekuna da dama, kuma abin da na gani shi ne gajeru ne, sukan goce su riƙa gogar taya bayan an faɗa rami biyu ko uku, sannan yashi yakan shiga tsakanin igiyar da jikin keke ya riƙa cin fenti sannu a hankali. A kan alminiyam wannan muni ne kawai, amma a kan kabon, idan gogar ta wuce fenti ta kai ga zaren da ke ciki, ta zama abin damuwa. Keken kabon da ka kwatanta, tunda babu ramuka a jikinsa, alama ce cewa an ƙera shi ne don tsere a ranar da aka zaɓa, ba don mai zuwa aiki a duhun Disamba ba.

Akwai abin da za ka bincika kafin ka biya kuɗin na alminiyam ɗin, kuma kada ka yarda da amsar baki kawai. Kamfanoni sukan rubuta faɗin tayar da keke zai iya ɗauka, misali milimita 45, amma wannan adadin ba tare da madigadi ba ne. Da zarar an saka madigadi, wurin yakan ragu da milimita biyar zuwa goma. Abin da kake buƙata shi ne keken ya ɗauki taya mai faɗin milimita 35 tare da cikakken madigadi, kuma a sami sarari tsakaninsu yadda ƙaramin dutse ko ganye zai wuce ba tare da ya maƙale ba. Madigadin kansa ya kamata ya fi tayar faɗi da kusan milimita goma, wato na milimita 45 a kan taya mai 35. Ka roƙi masu shagon su ɗaura maka shi kafin ka fita da keken, sannan ka hau, ka juya kan keken sosai kana taka feda a hankali, ka ga ko bakin takalminka yana taɓa madigadin gaba. Wannan yakan faru a ƙananan kekuna, kuma gara ka san da shi a cikin shago da ka gano shi a mahaɗar titi.

Maganar nauyi, wadda na san ita ce ta ja hankalinka, ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A ce nauyinka kilo 75, keken da fitilu da makulli da jakar aiki kuma su kai kilo 15, jimla 90. Kilo ɗaya da rabi bai kai kashi biyu cikin ɗari na wannan ba. A hawan tudu mai tsanani wanda zai ɗauke ka minti goma, bambancin bai wuce daƙiƙa goma ba, a shimfiɗaɗɗen titi kuwa da kyar za a iya auna shi. Rigar ruwan da take kaɗawa a iska ta fi wannan rage maka gudu. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ba na so ka ɗauka cewa kabon yana tsoron gishiri, domin shi kansa ba ya tsatsa. Amma kusoshi da ƙananan ƙarafan da aka dasa a cikinsa suna yi. Babbar matsalar na hannu ita ce tarihinsa, wanda ba ka sani ba. Kabon da ya sha bugu yakan iya tsagewa daga ciki alhali fentinsa yana ƙyalli, kuma garantin yawancin kamfanoni yana tsayawa ne a kan mai saye na farko. A hunturu kuwa yiwuwar zamewa a faɗi ta fi ta kowane lokaci. Idan wata rana ka yanke shawarar sayen keke na hannu, kowane iri ne, ka duba lambar jikinsa a rajistar BikeRegister don ka tabbatar ba na sata ba ne, ka kuma nemi rasit na asali.

Na ƙarfen ya fi na kabon kusa da buƙatarka, kuma da birkinsa na mai ne da na sha wahalar zaɓa tsakaninsa da na alminiyam. Ƙarfe yana da daɗin hawa a kan titi mai gargada, yana jure kaya, kuma kekuna irin su Genesis Croix de Fer sun yi suna a Birtaniya a kan irin wannan aiki. Tsatsa ba ta cinye shi da wuri kamar yadda ake tsoratarwa, muddin an fesa maganin hana tsatsa a cikin bututunsa, ana kuma rufe duk inda fenti ya ɓare. Abin da ya kayar da shi a wurina shi ne birkin waya. Ruwa yakan shiga rigar wayar ya sa ta yi nauyi, kuma a safiyar da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri ruwan yakan daskare a ciki, ka matsa birki ya ƙi motsi ko ya kama ya ƙi saki. Haka kuma, yayin da takalman birki suke cinyewa, na waya yana buƙatar ka riƙa matso da su da hannunka, kuma yashin hunturu yana cinye su da sauri. Birkin mai a rufe yake ruf, yana daidaita kansa, kuma yatsa ɗaya ko biyu sun isa su tsayar da kai. Wanda ya taɓa saukowa daga tudu da yatsun da sanyi ya kashe, a cikin safar hannu mai kauri, ya san darajar wannan. Fam 200 da ke tsakanin kekunan biyu ba za su ishe ka sauya birkin waya zuwa na mai daga baya ba, domin sai an canja har da hannayen giya, kuma su ne masu tsada.

A kan giya, mutane sun fi yin gardama fiye da yadda abin ya cancanta. Faranti ɗaya mai haƙora 40, da ƙaramin haƙori 11 a baya, zai kai ka wajen kilomita 43 a awa idan kana juya feda sau 90 a minti. Faranti biyu irin na Shimano GRX, masu haƙora 46 da 30, za su kai ka wajen kilomita 49. A hanyar aiki a hunturu ba za ka nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Faranti ɗaya ma yana da fa'idarsa, domin ya fi sauƙin wankewa kuma babu abin sauya giya na gaba da datti zai toshe. Inda faranti biyu ya yi fice shi ne fitarka ta Asabar: ƙaramin faranti mai 30 da haƙori 34 a baya ya fi 40 da 42 sauƙin takawa a tudu, kuma tuddan Peak District ba su da wasa, musamman ga wanda ya sha kayan sanyi. Saboda haka giya ba ita ta yanke hukunci ba, amma ta ɗan ƙara wa na alminiyam nauyi a sikeli.

Yanzu sai abin da nake ganin ya fi sunan keken muhimmanci, wato taya. Kusan duk keken burji yana zuwa da taya mai ƙuraje, wadda aka yi don ta kama ƙasa da laka. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta wannan tayar ba ta fi mai santsi kamu ba, hasali ma ta gaza ta, domin ƙurajen suna rage yawan robar da take taɓa titi kuma sukan lanƙwashe a kwana. Abin da yake riƙe keke a kan jiƙaƙƙen titi shi ne laushin roba da faɗin inda ta zauna. Ka cire tayoyin da suka zo da keken ka ajiye su don bazara, ka saka masu santsi ko masu ƙananan zane, faɗin milimita 32 zuwa 38, masu shimfiɗar kariya daga huji. Continental Grand Prix 4-Season mai faɗin 32, da Panaracer GravelKing mai santsi, da Schwalbe Marathon ga wanda ya fi damuwa da ƙarko fiye da gudu, duk sanannu ne a wannan fage. Kada ka cika musu iska kamar dutse yadda muka saba a gida. Ga mai nauyinka a kan taya mai 35, awon iska tsakanin 45 da 50 a ma'aunin PSI da ke jikin famfo wuri ne mai kyau na farawa, ta gaba kuma ta ɗan gaza ta baya.

Huji ya fi yawa a hunturu saboda dalilai biyu. Ruwa yana sa gilashi da ƙananan duwatsu su manne wa taya kuma su ratsa roba cikin sauƙi. Sannan a Ingila ba a yarda manoma su aske shingayen gonakinsu daga farkon Maris zuwa ƙarshen Agusta ba, saboda tsuntsaye masu sheƙa, don haka askin yakan faɗo a kaka da hunturu, ƙananan hanyoyin ƙauye su cika da ƙaya. A nan ne tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa ruwan danƙo a ciki, take nuna amfaninta, domin takan toshe hujin ƙaya kana cikin tafiya ba ka ma sani ba. Sai dai ruwan yana bushewa, ana ƙara shi bayan 'yan watanni, kuma dole ka riƙe tiyub ɗaya da famfo a jaka ko da yaushe. A can babu mai faci a gindin bishiya da zai cece ka.

Game da ƙanƙara, zan faɗa maka gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: babu ɗaya daga cikin kekunan nan uku da zai riƙe ka a kan siririyar ƙanƙarar da take shimfiɗuwa a kan kwalta ba a ganinta. Faɗin taya ba ya magance ta. Abin da yake kama ta shi ne taya mai ƙusoshin ƙarfe, irin Schwalbe Marathon Winter Plus, wadda kamfanin ya ce a fara tafiyar kusan kilomita 40 da ita a kan kwalta a hankali don ƙusoshin su zauna. Tana da nauyi da ƙara, kuma a Manchesta ranakun da ake buƙatarta ba su da yawa. Da a Kanada ko Finlan kake, da na ce ka saye ta tun yau. A inda kake, idan ka tashi ka ga gilasan motoci sun yi fari, ko dai ka bi manyan titunan da aka watsa wa gishiri, ko ka ajiye keken ka shiga taragu, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka kuma kiyayi layukan Metrolink, wato taragun da suke bi ta kan titunan Manchesta: ka tsallaka su a miƙe, kada ka bi su a karkace, kuma kada ka taka birki a kansu ko a kan murfin ƙarfe da farin fentin titi idan suna jiƙe.

Ka ware kuɗi don fitila tun kafin ka sayi keken. Dokar Birtaniya ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, tare da jan madubi mai mayar da haske a baya da masu ruwan ɗorawa a kan feda. Tunda zuwanka da dawowarka duk a duhu za su kasance na tsawon makonni, ka saka fitilu biyu a baya, domin idan ɗaya ta mutu ba za ka sani ba. Sanyi yana rage ƙarfin batir, saboda haka lokacin da aka rubuta a kwali ba shi za ka samu a Janairu ba. Idan hali ya yi nan gaba, wilin gaba mai dainamo a cibiyarsa yana raba mutum da cajin fitila gaba ɗaya. Ka kuma tambayi wurin aikinka ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda gwamnati ta ɓullo da shi a 1999. Ta hanyarsa ana cire kuɗin keke da kayansa daga albashi kafin haraji, kuma hakan zai iya sa madigadi da fitilu su zo maka kusan a ragin da ka samu.

Kula da keken ba ta da wuya, amma ba ta son sakaci. Duk ranar da aka watsa gishiri, ka ɗauraye shi da bokitin ruwa idan ka dawo, ba da injin feshi mai ƙarfi ba, domin shi yakan tura ruwa cikin boris ya kore giris. Ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata man da aka yi don damina, kana kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki. Ka sayi ɗan ma'aunin sarƙa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba; idan giyar bayanka mai hawa 11 ce, ka canja sarƙa da zarar ta nuna 0.5, idan mai hawa 10 ce kuma 0.75, domin sarƙar da ta miƙe ita take cinye haƙoran giya masu tsada. Takalman birki na ƙarfe sun fi na danƙo daɗewa a cikin yashi da ruwa, ko da yake sun fi ƙara, amma ka duba faifanka tukuna, domin akwai waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa na danƙo kaɗai suke karɓa. Sau biyu a hunturu ka zare sandar sirdi ka shafa mata giris ka mayar, saboda ruwan gishiri yakan sa ta manne da jikin keke har ta gagari makaniki.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in janye shawarata, shi ne idan na alminiyam ɗin bai yi daidai da tsawonka ba. Ka je shagon sanye da rigar sanyin da za ka riƙa hawa da ita da safar hannunka mai kauri, ka hau na aƙalla minti goma sha biyar. Ka tabbatar kana kai wa birki daga sama da kuma daga ƙasan kan keken ba tare da miƙa jiki ba, kana iya sauya giya da safar a hannunka, kuma kana iya waiwayawa ka ga motar da ke bayanka ba tare da wuyanka ya ƙage ba. Idan ka faɗa tsakanin girma biyu, ka gwada duka biyun, ka ɗauki wanda ya bar ka a ɗan miƙe, domin a duhu da ruwa ganin hanya ya fi maka amfani a kan sunkuyawa don gudu. Idan babu girmanka a wannan samfurin, ka nemi wani mai siffofi iri ɗaya, kamar Ribble CGR na alminiyam ko makamancinsa, ka sa a ɗaura masa madigadi da tayoyi masu santsi kafin Nuwamba ta kama.